MOTA BIYU A HAƊA A YI ƊAYA: JAWABIN KWAMITIN MOTA A TARON ƘUNGIYA



Maigari, ranka ya daɗe. Dattawanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da ma'aji, samari, da ƴan'uwa da sunka taho daga Birnin Konni da Malbaza da Illela saboda wanga zama, muna gaishe ku, sannunku da hanya.

A zaman da ya wuce kunka ɗora mana aiki, mu huɗu: direbobi uku da makanike ɗaya. Kunka ce mu je mu duba yadda za a yi da motar ƙungiya, mu dawo mu gaya muku gaskiya kafin a taɓa ko dala ɗaya ta asusu. Mun je, mun gani, mun auna. Muna roƙo a yi haƙuri da mu, maganar ƙarfe ce, tana da ɗan tsawo. Amma kuɗin na kowa ne, kuma wanda za a kwantar bayan motar ga da tsakar dare a nufi asibiti, ba mu san ko wane ne cikinmu ba.

1. HALIN DA MOTAR TAKE CIKI

Kowa ya san abin da ya faru da damina. Motar ta taso da hatsi, ƙafa ɗaya ta zame bakin ƙorama, ta kife. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma kabin, wato ɗakin da direba ke zama, ya lalace ƙwarai. Rufin ya lotsa, ginshiƙan gaba sun karye, ƙofofi ba su rufuwa, madubin gaba ya tafi. Mai walda yana iya buga shi ya tashi, a shafa fenti, ido ya ga kamar lafiya. Mu ba mu yarda da wannan ba. Ginshiƙin da ya karye anka ɗinke, ranar da mota ta sake kifewa ba zai tare rufi daga kan direba ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashi, masu ɗauke da komai. Mun sauke akwatin baya, mun ajiye motar wuri mai daidai, mun ja igiyar awo daga kusurwar gaba ta dama zuwa kusurwar baya ta hagu, sannan daga gaba ta hagu zuwa baya ta dama. In shasi ya murɗe, awon biyu ba za su zo ɗaya ba. Namu sun zo ɗaya. Mun bi shi da guduma muna ƙwanƙwasawa, ba mu samu inda tsatsa ta cinye ba. Inji yana tashi, giya tana shiga duka.

Ke nan muna da rabin mota mai lafiya. Abin da muke nema shi ne rabin da ya dace da ita.

Tun ranar da ta tsaya kun ga wuyar da anka sha. Mai naƙuda sai a amalanke har bakin kwalta, sannan a tsaya jiran motar da za ta yarda ta ɗauka zuwa Galmi ko Konni. Kayan kasuwa kuma sai haya. Don haka mun fahimci masu cewa a yi sauri. Mu ma muna son saurin, amma ba wanda za a biya sau biyu ba.

2. HAƊE-HAƊE BA BAƘON ABU NE GARE MU BA

Waɗansu sun ce abin kunya ne ƙungiya ta hau mota haɗe-haɗe. Dattawan direbobi da ke zaune nan sun san ba haka ba ne. Da haɗe-haɗe ƙasar ga ta yi sufuri shekara da shekaru.

Peugeot 404 ta fito a Faransa cikin 1960, mai buɗaɗɗen baya kuma, wadda muke kira kat-san-kat bashe, ƴan'uwanmu na Najeriya su ce a-kori-kura, ta biyo cikin 1967. Ita 504 ta fito cikin 1968, bashe ɗinta sai 1979. Cikin 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, har ta jirgin sama ana ɗauko kayan daga Liyon a sauke Kano. Daga nan kayan Peugeot ya cika kasuwannin Kaduna da Kano da Sakkwato, ya ƙetaro mana ta Illela ta Najeriya zuwa Konni. Da waɗannan motoci anka yi jigilar albasar Galmi da simintin Malbaza da ƴan kasuwar Badagishiri da Tawa.

Sannan abubuwa sunka riƙa tsananta. Iyakar Najeriya ta rufe daga 1984 zuwa 1986. Ranar 12 ga Janairu 1994 anka karya darajar sefa, tamma ɗaya ta Faransa da ke kan sefa 50 ta koma 100, duk kayan da ke zuwa daga Turai kuɗinsa ya ninka dare ɗaya. Iyaka ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta kuma rufe daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo, mai mota bai da wurin zuwa sai wajen matattar mota ya ciro abin da ya rage. Kasuwanni irin su Katako a Yamai, Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da wannan sana'a sunka girma.

Saboda haka tambayarmu yau ba ita ce a haɗa ko kada a haɗa ba. Tambayar ita ce: me za a haɗa da me?

3. GINI IRI BIYU NE

Wani babanmu ya kawo shawara a zaman baya. Ya ce yana da 504 bashe guda biyu a ajiye, ɗaya kanta ya mutu, ɗaya bayanta ya mutu, a sayar da tamu a haɗa nasa. Baba, mun gode da wannan kyakkyawar niyya, mun kuma je mun duba su. Ga abin da ya hana.

A-kori-kura gininta iri biyu ne. Akwai wadda shasinta daban, jikinta daban. Shasin kamar tsani yake a kwance, an ɗora kabin bisa robobi an ɗaure da noti. In an kwance notin da wayoyi da bututun birki da sandar sitiyari, maza shida ko takwas suna ɗaga kabin su ajiye gefe. Haka Toyota Hilux take, haka Land Cruiser take.

Peugeot ba haka take ba. Asalin 404 da 504 ƙananan motoci ne waɗanda jikinsu shi ne ƙashinsu. Da za a yi bashe, sai anka haɗa kabin da ƙarafan ƙasa da walda tun daga kamfani, sunka zama abu guda. Akwatin baya kaɗai ke kwantuwa da noti. Wanda ya ce zai ɗauki gaban wannan ya haɗa da bayan waccan, dole ya yanka mota biyu a tsakiya ya ɗinke. Ana yi, mun sha gani. Mun kuma sha ganin irinsu a hanyar Tsarnawa sun lanƙwashe a tsakiya kamar jakin da anka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, ko suna tafiya a karkace, ƙafar baya ba ta bin sawun ta gaba. Ɗinkin yana daidai inda nauyi ya fi dannawa.

Ba mu ce kayan Peugeot ba su musanyuwa ba. A wajen inji ma sun fi kowa sauƙi. Injin esansi na 404 mai awo 1618, da na 504 masu 1796 da 1971, ƴan gida ɗaya ne, duk a kishingiɗe suke zaune. Bashe 504 ta farko ma da injin 404 ta fito, na esansi 1618 ko na gazwal 1948. Akwatin giya da ake kira BA7 yana cikin 404 na baya-baya, yana cikin 504. Shi ya sa dattawa ke cewa Peugeot ba ta mutuwa. Amma ko nan akwai tarko. Wilin ƙaramar 404 rami uku gare shi, na ƙaramar 504 rami huɗu. Ƙaramar motar bayanta bisa murɗaɗɗen sifirin yake, bashe kuwa bisa sifirin mai falle-falle, wanda makanikanmu ke kira lam. Wanda ya sayo kayan ƙafa don ya ji an ce na Peugeot ne, yana iya dawowa da abin da ba shi da wurin zama.

To Baba, shawararmu ita ce ka bar mai lafiyayyen ƙashi a matsayin uwa, ɗayar ta zama rumbun kayan gyara. Amma ƙungiya kada ta ba da lafiyayyen shasi ta karɓi ɗinkakke.

4. SUNA BA YA ISA, A KARANTA BAƘAƘE

Mu koma kan tamu. In ka shiga kasuwar kayan mota ka ce kana son kabin na Hilux, mai shago zai ce akwai. Gaskiya ya faɗa, amma kama da wane ba wane ba ce. Hilux ta fara fitowa cikin 1968, kuma kowane ƴan shekaru kamfanin yana sake mata jiki da shasi. Akwai zubin 1972, na 1978, na 1983, na 1988, na 1997, sannan na 2004 zuwa 2005, da na 2015. Cikin zubi ɗaya, kabin na shekara kaza da na shekara kaza sukan zauna wa juna. In an tsallaka daga zubi zuwa zubi, magana ta canza.

Yaya za a gane? Ba da fitila ko fenti ba, don waɗannan kowa na iya canzawa. Kowace Toyota tana da baƙaƙe da lamba da anka buga jikin shasi, akwai su kuma kan wani ɗan allon ƙarfe cikin ɗakin inji. Baƙin farko yana gaya maka gidan inji. In ka ga LN, Hilux ce mai injin gazwal na gidan L. In ka ga YN ko RN, ta esansi ce. Lambar da ke biye tana gaya maka zubi, da ko mai jan ƙafa biyu ce ko mai jan ƙafa huɗu, wato kat-kat. LN65 kat-kat ce ta zubin 1983. LN106 kat-kat ce ta zubin 1988, injinta 3L mai awo 2779. LN166 ta zubin 1997 ce. Tamu LN106 ce. Muna roƙon magatakarda ya rubuta wannan cikin littafin ƙungiya, don duk wanda za a aika sayen kaya ya tafi da shi a takarda.

Bambancin LN106 da LN166 ba na ado ba ne. A tamu, ƙafafun gaba biyu suna kan ƙarfe guda miƙaƙƙe, bisa lam, kamar na baya. Daga zubin 1997 kowace ƙafar gaba da hannunta daban, tana motsi ita kaɗai. Wannan ya sa shasin gaba ya canza, mazaunin akwatin sitiyari ya canza.

Masu Land Cruiser cikinmu su ma su saurara, don abin ya shafe su. Zubin 70 ya fara cikin 1984, injin 1HZ mai awo 4164 ya shigo cikin 1990. Daga nesa 75 da 79 kamar tagwaye suke. Amma cikin 1999, da 79 ta fito, anka sa mata murɗaɗɗen sifirin a gaba maimakon lam, notin ƙafa ya koma 5 maimakon 6, tsakanin ƙafar gaba da ta baya ya ƙaru da santimita 20. Wanda ya sayi wili ko farfela ko akwatin baya na 75 don ya sa wa 79, ya sayi aiki.

5. KABIN BIYU DA MUNKA GANI

Na farko yana Konni, wajen wani mai sayar da kayan matattun motoci. Na zubin 1997 ne, fari tas, kujerunsa ba su yage ba, kuɗinsa kuma da sauƙi. Mun san samari da yawa sun je sun gan shi, ransu ya biya. Mu ma da munka gan shi ya ba mu sha'awa. Sai munka fiddo igiyar awo da takardar da munka zana mazaunan robobi na shasinmu. Ramukan ba su faɗa kan juna ba. Inda sandar sitiyari ke fitowa bai fuskanci akwatin sitiyarinmu ba. Gaban motar, inda lagireto da fitilu ke ɗaure, shi ma sai an sake shi. Mai kayan ya ce wannan ƙaramin aiki ne, mai walda zai gama cikin kwana biyu. Munka tambaye shi me za a yanka. Ya ce a yanke mazaunan shasi a matsar da su, a yanke sandar sitiyari a ƙara mata tsawo. Daga nan munka yi masa godiya munka fito.

Na biyu yana hayin iyaka, wajen Sakkwato. Ba shi da kyan gani. Fentinsa ya ƙone da rana, kujera sai an sake ɗinki, ƙofa ɗaya ta ɗan lotsa. Baƙaƙensa YN ne, wato motar esansi ce, injinta ya mutu tuntuni. Amma zubin 1988 ne kamar tamu, kat-kat ce kamar tamu, kabin mai layin kujera ɗaya kamar tamu. Mun auna, kowane rami ya faɗa inda ya kamata. Ginshiƙansa ba a taɓa yi musu walda ba. Mun ɗaga robar ƙofa mun duba, ɗigon waldar kamfani yana nan a jere. Mun ɗaga shimfiɗar ƙasa, ba ruɓa. Sitiyarinsa na hagu ne tun asali.

Wannan na ƙarshe a lura da shi. Najeriya sai ranar 2 ga Afirilu 1972 ta koma tuƙi hannun dama irin namu, kuma har bayan nan motoci masu sitiyari a dama sun ci gaba da shigowa daga ƙasashen da ke tuƙi hannun hagu, ana juya su a garaji. Kabin da anka juya, bangon da ke gaban ƙafar direba yana da faci da ramukan da anka toshe. A wannan bango ne famfon birki ke ɗaure. Ba a son shi da faci.

Na biyun ya fi na farko kuɗi in an haɗa da dako da kuɗin duwan. Ma'aji yana da lissafin duka, zai karanta muku bayanmu. Amma in an ƙara kuɗin yanka da walda da kayan da za a nemo don na farko ya zauna, araharsa ta ƙare.

6. ABU HUƊU DA BA A WASA DA SU

Ko da kabin ya zauna daidai, akwai wurare huɗu da haɗe-haɗe ke cin mutane. Muna faɗarsu don duk mai mota a garin ga ya amfana.

Na farko, birki. Famfon birki yana jikin kabin, amma birkin kansa yana ƙafafu, wato yana bin shasi. Kamfani ya auna girman famfon da girman abin da zai tura. In kabin ya zo da famfonsa na wata mota, birki yana iya yin laushi ko ya riƙa kamawa gaba ya bar baya. Saboda haka famfonmu za a ciro daga tsohon kabin a mai da cikin sabo. Bayan famfon akwai wani baƙin tulu mai taimakon ƙafar direba, da zuƙar iska yake aiki. Injin esansi shi da kansa yake ba da wannan zuƙa. Injin gazwal ba ya bayarwa, sai da ɗan famfo na musamman, kuma a injin 2L da 3L yana manne bayan dinamo. Wanda dinamonsa ya mutu ya sa na motar esansi, wuta za ta kawo, amma ranar da ya taka birki da lodi zai ji kamar dutse ya taka. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a shasin baya mai sanda zuwa pon, shi ke ƙara wa ƙafar baya birki in lodi ya yi nauyi, ya rage in mota ba kaya. Masu canza akwatin baya ko ƙara lam sukan cire shi su yar. Namu yana nan, kuma a bar shi.

Na biyu, sitiyari. Sandar sitiyari ba a yanka ta, ba a yi mata walda. In ba ta kai ba, to kabin ne bai dace ba. Waldar da ta riƙe cikin garaji ba ita za ta riƙe kan burji mai kwazazzabai da buhu goma a baya ba.

Na uku, pon, wato ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafu biyu, mai ƙullutu a tsakiya. Cikin ƙullutun akwai haƙora, babban faifai da ƙaramin da ke juya shi. A Toyota akwai mai haƙora 41 da 10, akwai 43 da 10, akwai 41 da 9, akwai 39 da 8. Daga waje duk ɗaya suke. A motar kat-kat dole na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. In sun saɓa, da an sa giyar ƙafa huɗu, gaba na gudu daban, baya na gudu daban, sai wani abu ya karye tsakani. Cikin rairayi mai laushi ba za ka ji ba, sai ka hau ƙasa mai tauri. Kafin a sayi pon, a buɗe a ƙirga haƙora da hannu.

Na huɗu, wuta. Wayoyin motar esansi ba su san aikin gazwal ba: ba su da hanyar ɗuma inji kafin tashi, ba su da wayar da ke yanke mai in an kashe makulli. Maimakon a yi ta yanke-yanke da naɗin leda, za a zare wayoyinmu gaba ɗaya da allon mita a mai da su cikin sabon kabin, tun da zubi ɗaya ne, ramukan suna nan. Masu Land Cruiser kuma su tuna waɗansu na gazwal wutarsu 24 ce, Hilux kuwa 12. Ganin batir biyu ba ya isa shaida, sai an duba yadda anka haɗa su. Motocin da sunka fito daga 2005 zuwa sama, da yawansu kwamfuta ke ba injinsu mai, makulli da inji da kwamfuta sun san juna. Waɗannan ba irin haɗin da muke yi a gindin bishiya ba ne.

7. TAKARDA TANA BIN SHASI

Yanzu maganar da ta fi saurin kai mutum ga hukuma. Kart giriz tana ɗauke da lambar shasi, da irin man da mota ke sha, da ƙarfin inji, da yawan mutanen da anka yarda ta ɗauka. Lambar da anka buga jikin shasi ita ce sunan motar. Amma ɗan allon ƙarfen da munka ambata yana jikin kabin. Ke nan ranar da anka ɗora sabon kabin, motarmu za ta zama da lamba biyu: LN a ƙasa, YN a sama. Jandarma ko ma'aikacin duwan da ya buɗe gaba ya ga allo ya saɓa da takarda, yana da dalilin tsare mota, kuma ba za mu ga laifinsa ba, don haka ɓarayin mota ke yi. In kuma hatsari ya faru, kamfanin inshora yana iya cewa wagga ba ita ce motar da ya ɗauki nauyinta ba.

Saboda haka ga yadda muke so a bi. A karɓi takardar ciniki daga mai kabin, da sunansa da lambar motar da anka ciro shi, da shaidu biyu. In ya ƙi ba da takarda, a bar masa kayansa komai arha. A iyaka a nuna kabin ga duwan, a biya, a riƙe takardar biya. Kafin makanike ya ɗaure noti ɗaya, shugaba da ɗaya daga cikinmu su tafi ofishin sufuri na jiha a Tawa da kart giriz da waɗannan takardu, su faɗi abin da za a yi, su bi abin da anka ce game da allon. Mu da kanmu ba mu cire allo, ba mu liƙa allo, ba mu taɓa lambar shasi. Tsohon kabin kuma kada a sayar wa masu awon ƙarfe sai an gama da hukuma, don shi ne shaidarmu.

8. LAIFINMU MU DIREBOBI

Ba za mu sauka ba sai mun faɗi wadda ta shafe mu. Akwatin bayan motar ga ba nata ba ne na asali. Shekarun baya munka sa anka ɗora mata wanda ya fi faɗi, anka yi masa dogayen ƙarafa sama don a ƙara lodi, anka ƙara lam biyu-biyu. Lam ɗin da anka ƙara ya hana bayan zama ƙasa, sai ido ya daina ganin nauyi. Amma birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, faɗin ƙafafu bai ƙaru ba. Irin wagga mota wajen tan ɗaya anka yi ta ta ɗauka, wato buhu 10 na kilo 100, har da mutanen da ke bisa. Ranar da ta kife abin da ke kanta ya wuce haka, kuma an jera shi sama. Da nauyin yana ƙasa, da wataƙila zamewa kawai za ta yi. Mun yarda da wannan, muna neman afuwar ƙungiya.

9. ABIN DA MUKE ROƘON TARO YA YANKE

Ɗaya, a bar kabin na Konni, a sayi na zubin 1988, bisa sharaɗin takardun da munka lissafa.

Biyu, famfon birki da tulunsa, sandar sitiyari, da wayoyi da allon mita, duk namu na asali za a mai da. Robobin da kabin ke zama kansu da man birki a sayi sababbi.

Uku, a rage tsawon ƙarafan baya, a cire lam ɗin da anka ƙara, a rubuta iyakar lodi da fenti a jikin akwati inda kowa zai gani. Direban da ya wuce ta, ƙungiya ta karɓe makulli.

Huɗu, in an gama, kafin a ɗauki mutum ko ɗaya, a gwada motar da buhunan ƙasa a fili, a taka birki da ƙarfi, a sa giyar ƙafa huɗu, dattawa biyu suna kallo. Bayan mako guda a sake bin notin kabin duka a ƙara ɗaurewa.

Biyar, magatakarda ya buɗe littafi na motar, a rubuta kowane abu da anka canza, daga wace mota ya fito, da baƙaƙenta. Mu da munka yi aikin ba za mu dawwama ba, wanda zai gyara ta bayanmu ya san abin da ke cikinta.

In taro ya yarda, muna sa ran motar ta koma hanya kafin albasa ta fara fita. In akwai mai tambaya, ko wanda ya san wani kabin na wannan zubi da ya fi kusa, ya tashi ya faɗa, igiyar awo tana aljihunmu, gobe da safe sai mu je mu duba.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.